Murfin da Ya Raba Ƙanena da Askarsa

Zuwa ga Mai Girma Mudiri, shugaban kamfanin kwangilar da ke kula da magudanun ruwa na hanyar Ammariyya zuwa Bagdadiyya, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Isuhu Mamman, mutumin Damagaram, shekarata goma sha huɗu ina narka ƙarfe a wata masana'anta da ke kudancin garin nan. Da gangan na rubuta da Hausa. Da yawa cikin leburorin da ke shiga maka rami suna jin ta. Ka kira ɗaya ya fassara maka, wataƙila ranar ka san sunansa.

Na farko. Murfin nan mai tsaga-tsaga da kuke ɗorawa a bakin magudana, mu ke zuba shi. Kusurwa huɗu gare shi, ta duk inda aka aza shi zai zauna, shi ya sa muke fitar da kibiya a gefensa. In an bi kibiyar, tsagogin sukan gitta hanya, tayar keke ta hau ta wuce. In an juya shi, sai su miƙe tare da hanya, tayar gaba ta faɗa ciki. Ma'aikatanka sun ɗaga wanda ke gaban shagon mai gurasa don su kwashe yashi, suka mayar da shi a juye. Gefen titin nan kuwa shi kaɗai ne rabon masu keke, motoci ba sa bar mana wani.

Na biyu. Ƙanena Habu wanzami ne, a keke yake bin gidaje da zabirarsa ta kayan aski. Ranar Talata ta biyu bayan ƙaramar salla, da hantsi, tayarsa ta nutse a murfin nan. Keken ya tsaya cak, shi bai tsaya ba. Wuyan hannunsa na dama ya karye gida biyu. An ɗora, ƙashi ya haɗe, amma babban yatsa ya ƙi riƙo, aska rawa take a hannunsa. Dattawan da ya yi shekara tara yana yi wa aski sukan yi masa sannu da jiki, sannan su kira wani. Ban ga laifinsu ba, maƙogwaronsu ne. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar nan, ya ce halas, shi ke nan, ba zai sabunta iƙama, wato takardar zama, ga wanzamin da ba ya aski ba. Wata mai kamawa zai koma gida, kuma har yanzu na rasa yadda zan faɗa wa tsohuwarmu a kaset ɗin da nake aika mata.

Na uku. Sau uku na zo ofishinka. Zuwan farko aka ce in dawo gobe. Na biyu aka ce sai da takarda da Larabci, na je aka rubuta mini, na kawo. Na uku magatakardanka ya tambaye ni ko wata mota ta lalace. Da na ce a'a, sai ya tura takardar ƙarƙashin wasu, ya koma kan shayinsa. Wallahi tambayar nan ta fi ranar asibiti ƙona mini rai.

Na huɗu. Gyaran na mutum biyu ne da sandar ƙarfe ɗaya, kafin a sha kofin shayi an gama. Na ɗauko sandar zan yi da kaina, maƙwabta suka riƙe ni. Sun yi gaskiya: baƙo irina in aka gan shi yana banƙare murfin titi, sunansa ɓarawon ƙarfe, kafin ya yi bayani yana bayan motar 'yan sanda. Sai muka riƙa ajiye tsohuwar taya a wurin don masu keke su kauce. Kullum da safe motar sharar kamfaninka ke kwashe ta. Wannan aikin kam ba ku taɓa makara ba.

Ranka ya daɗe, ba diyya nake nema ba, babu abin da zai dawo da yatsan Habu. Ina roƙo ka aika a juya murfin nan. Ka sa wani ya taka hanyar da ƙafa, ba a mota ba, ya duba sauran. A kuma nuna wa ma'aikatanka kibiyar, don ba kwalliya muka yi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce suma ta cika kan Habu, ya miƙo mini zabirarsa, ya zauna a tabarma. Ni, mai narka ƙarfe, na yi wa wanzami aski. Sau biyu na yanke shi, yana riƙe da madubi da hannun hagu. Yau da safe na bi ta gaban mai gurasa, murfin yana nan yadda kuka bar shi, kuma lambar masana'antarmu na jikinsa.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare ka da zuriyarka daga abin da ke kan hanya. Allah ya kiyaye maka hannunka na dama, da shi za ka sa hannu a kan takardata.

Wassalam.

Isuhu Mamman,
Ammariyya, Jidda.