Hannun da Yaya Ya Ƙi Sawa

Fatakwal, daren Laraba

Yau direban Gwarzo ya kawo wasiƙar Yaya Sale, sati uku da rubuta ta. Ashe ciwon bayan matata Rabi tarin fuka ne ya ci ƙashin. Likita ya ce a yi tiyata kafin ƙafafunta su mutu. Aka miƙa wa Yaya takarda, ya ce, "Matar ƙanena ce, ba ni zan sa hannu a tsaga ta ba." Ya mayar da Rabi ƙauyenmu Kutama.

Na ji haushinsa ƙwarai. To ni fa? Shekara biyu man zafi nake aika mata. Direban ya ce yanzu ɗaukarta ake yi zuwa banɗaki. Gobe zan hau mota in je in sa hannun, in da sauran amfani.