Don Ba Ta Faɗi Sunana Ba Kuka Mayar Mini da Mata

Zuwa ga Mai Girma Ministan Yawon Buɗe Ido na ƙasar tsibirin nan da ake tallarta a titunan Doha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Haruna, mutumin Funtuwa a Najeriya, direban kamfani ne ni a nan Doha. Da Hausa na rubuto maka domin da ita baƙin cikina yake zuwa mini, sai ka sa a nemo mai fassara. Da gangan na ƙi kama sunan ƙasarku, saboda akwai talakawa a can da suka yi mini kirki, kuma da baƙi suke cin abinci. Amma kai ka san da kai nake.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne labarin da na ji a rediyon mota ina tsaye a danja a West Bay. An ce ofishinka yana murna wai baƙi sun ƙaru bana fiye da bara, musamman masu zuwa daga ƙasashen Larabawa, kuma wai yanzu kuna zawarcin baƙi daga Afirka. Sai da na bayana ya danna mini hon na farga an ba mu hannu. Ina cikin baƙin nan da kuka ƙirga, ranka ya daɗe. Matata ba ta ciki, domin a filin jirginku aka tare ta, aka buga mata hatimin kora a fasfo, aka mayar da ita gida ban ko sa ta a idona ba. Hatimin nan shi ne yau ya tsaya tsakanina da ganin matata, kuma a kansa na rubuto.

Na farko, ina so ka san yadda aka yi direba ya zo tsibirinku, don kada ka zaci kuɗi ne suka yi mini yawa.

Aikin da ke rubuce a katin zamana ba ya cikin waɗanda ake bari su kawo iyali. A Ain Khaled nake kwana, ɗaki ɗaya da 'yan'uwa uku da aikinmu ba ya haɗuwa, ina shigowa suna fita. Mutum zai iya yin mako bai yi magana da kowa ba sai fasinjan da ke ce masa yalla, wato mu tafi. Matata, wadda nake kira Maman Walida, tana gidanmu na gado tare da mahaifiyata da matan ƙannena. Duk hutun da na je gida, gaisuwar mutuwa da barka da sasanta rigima suke cinye shi. Wallahi tun da muka yi aure, shekara ta haura goma, ban taɓa zama da ita mun ci abinci mu biyu ba tare da wani ya yi sallama ba. Kullum ina wuce allon tallarku, ga ruwa shuɗi ga miji da mata suna tafiya a bakin teku, a ƙasa an rubuta ana maraba da kowa. Sai na ce a raina, to ni ma ai ina cikin kowa. Na sadaukar da hutun gida gaba ɗaya don mako guda da ita, alhali na san wani hutun sai kwantiragi ya sake zagayowa. Na cike mata duk abin da kuka ce a cike, aka amsa mana cewa ta taho. Abokina Malam Sabo, mai gadi a Al Gharrafa, har ango yake kirana don tsokana.

Na biyu, ga abin da ya faru a filin jirginku.

Jirgina ya riga nata sauka. Ni da na taso daga Doha, jami'in shige da fice ko ɗago kai bai yi sosai ba, ya ga katin zama, ya buga hatimi, ya ce in ji daɗin hutu. Na fita na tsaya inda ake taryen baƙi. Jirginsu ya sauka, mutane suka yi ta fitowa, Turawa da manyan jakunkuna, 'yan Indiya da 'ya'yansu, har wurin ya watse ya rage daga ni sai masu shara. Wayarta ba ta shiga, domin layin gida ne. Na je wajen mai tsaron ƙofa na nuna masa hotonta, ya shiga ya fito ya ce an riƙe ta. Na ce ai ga mijinta nan tsaye, a bar ni in shiga in yi bayani, ko a turo mai tambayar ya tambaye ni. Ya ce wanda ya fita ba ya komawa. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, ko a jikinsa. Bango ɗaya ne tsakanina da ita, ranka ya daɗe, kuma a bayan bangon nan aka ajiye ta har jirgin da ya kawo ta ya tashi da ita.

Sai da ta isa gida na ji yadda aka yi, shi ma da ƙyar, tana faɗa tana kuka. Jami'inku ya ga sunanta na fasfo bai yi daidai da nawa da ke takardar otal ba. To mu a wajenmu mace ba ta ɗaukar sunan miji, da sunan ubanta take tafiya har ta koma ga Allah. Ya nemi takardar aure. Mu a ƙofar gidan ubanta aka ɗaura mana aure, gaban liman da jama'ar unguwa, aka raba goro aka watse. Don haka ta miƙa masa takardar haihuwar 'yarmu, wadda ke ɗauke da sunana da nata. Sai ya kife takardar a kan tebur, ya ɗora hannu a kai, ya ce ta faɗi sunan mijinta da bakinta.

Ta ji tambayar sarai, tana da Turancinta na sakandare. Amma ranka ya daɗe, a gidan da ta tashi mace ba ta kama sunan mijinta. Uwarta ba ta yi ba, kakarta ba ta yi ba. Ba doka ba ce da aka rubuta, kunya ce da girmamawa, kuma ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba tun ranar da aka kawo ta. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki, ta ɗan yi murmushin nan na kunya, ta ce Baban Walida. Ya buɗe takarda ya duba, bai ga Walida ba, Hauwa'u ya gani. Ina zai gani? Sunan mahaifiyata yarinyar ta ci, shi ya sa muke sakaya shi da Walida, domin matata ba za ta tsaya a tsakar gida tana ƙwala kiran sunan surukarta ba. Shi ke nan, jami'inku ya yanke hukunci cewa ga matar da ba ta san sunan mijinta ba, ba ta san sunan 'yarta ba, kuma tana dariya. Ta ce lokacin da ta gane inda maganar ta dosa, ta buɗe baki za ta faɗa, ya riga ya ɗaga hannu ya kira na bayanta.

Haba, ranka ya daɗe! Matar da ta zo da ƙarya ai ita ce za ta haddace suna tun daga gida, ta zuba shi kafin a gama tambaya. Mai aure ta gaskiya ita ce ta yi nauyin baki. Jami'inku ya ga babbar shaidar aurenmu a gabansa, ya karanta ta a juye.

Na uku, makon da na yi a ƙasarku, tunda shi kuka ƙirga a cikin nasararku.

Tikitina ba ya canzuwa, dole na zauna. Na shiga ɗakin otal na tarar an zuba furanni a kan gado, domin na gaya musu da matata zan zo. Na tattara su na zuba a kwandon shara, na kwanta a gefe ɗaya. Da safe dattijon da ke kawo shayi ya ajiye kofi biyu, ya tambaye ni ko uwargida ba ta tashi ba. Na ce ba ta zo ba. Washegari ya kawo kofi ɗaya, ya ja kujera ya ɗan zauna kusa da ni, kuma haka ya riƙa yi har na tafi. Allah ya saka masa da alheri, shi kaɗai ne ya lura akwai abin da ke damuna. Tekun da na yi ta ba ta labarinsa a waya, na je bakinsa sau ɗaya, na tarar kowa da nasa, na juyo. A ƙaramin masallacin masunta na riƙa wuni. Na saba da kaɗaici a Doha, amma na can yana da dalili, nema na fito. Ƙasarku kuwa na zo ne takanas don in huta da shi, sai na same shi ya fi na ko'ina ciwo.

Da na dawo Ain Khaled 'yan ɗakinmu, da aka yi dace ranar suna nan, suka taso da shewa, a nuna musu hotunan amarya. Na nuna musu ruwa. Malam Sabo, da ya zo yi mini sannu da zuwa, ya dube ni ya dubi hoton, bai sake ce mini ango ba. Har yau wayata ba ta daina turo mini tallar tsibirinku ba, wai in sake zuwa.

Na huɗu, abin da hatimin nan yake yi mana yanzu.

Kafil ɗina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya yi mini alkawarin gyara sunan aikina a kati yadda zan iya nema mata bizar ziyara. Da na nuna wa mai kula da takardun kamfani hoton fasfonta, ya ga hatiminku, ya girgiza kai ya ce wannan matsala ce, duk inda ta nemi shiga sai an tambaye ta dalilin korar. Ita kuma can gida magana ta zagaya unguwa. Kowa ya raka ta mota da addu'a, sai ga ta ta dawo da akwatinta ba a ko buɗe ba. Wasu na cewa ai dole akwai abin da aka kama ta da shi, ba a korar mutum haka kawai. Matar da ke koyar da 'ya'yan mutane a Islamiyya, yau ita ake yi wa wannan kallon. Ta daina zuwa suna da biki. In na kira ta, gaisuwa ce kawai da lafiya lau, sai ta miƙa wa Walida wayar. Tana ganin ita ta jawo mini asarar hutuna, na yi rantsuwa har na gaji cewa ba laifinta ba ne.

Saboda haka ga buƙatuna, ranka ya daɗe. Ka sa a soke hatimin nan, a ba mu shaida a rubuce cewa matata ba ta aikata laifin komai ba, kuskuren fahimta ne. Wannan ita ce babba, ko ita kaɗai ka yi na gode. Sannan in har da gaske kuke kuna son baƙi daga Afirka, ku koya wa masu tsaron ƙofarku cewa ba ko'ina mace ke ɗaukar sunan miji ba, ba ko'ina take furta shi ba, kuma in aka ce ga miji nan a waje, a fita a kira shi. Na ƙarshe, duk ranar da za ka sake tsayawa ka faɗi yawan waɗanda suka shigo, ka faɗi yawan waɗanda aka mayar daga ƙofa, mu ji. Ni dai ka cire ni daga lissafinku, ban yi yawon buɗe ido a ƙasarku ba.

Kada ka ce na tsananta. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune ni kaɗai a ɗaki sai ga kiranta, ita da ba ta saba kira ba sai dai in kira. Ba ta yi sallama ba. Na ji ta ja numfashi, sannan ta faɗi sunana, da na ubana, da na kakana, tiryan-tiryan yadda yake a fasfo. Ta ce ta yi ta gwadawa ne a ɗaki in kowa ya fita, don ko an sake tambayarta kada ta sake ba ni kunya. Ta tambaye ni ko ta faɗa daidai.

Na ce mata daidai ne. Na kashe wayar na zauna na yi kuka, ranka ya daɗe, ni da gemuna. Ba haka na so in fara jin sunana a bakinta ba. Na fi son Baban Walida, kuma ban sani ba ko za ta sake kirana da shi da sakin fuska irin na da.

Allah ya yi maka jagora a kan aikinka, ya ƙara wa ƙasarku baƙi masu albarka, ya ba ka ikon gyara abin da ya ɓaci. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a bayan bango iyalinka na ciki, kana roƙo a bar ka ka ce taka ce.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Haruna direba,
Ain Khaled, Doha.