Bindigar da Kafilina Ya Saya

Aziziyya, Jidda.

Assalamu alaikum Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar nan? Ya Inna da yara? Ni lafiyata lau, hankalina ne bai kwanta ba.

Shekaranjiya na tuƙa kafilina, wato ubangidan da nake wa direba, zuwa shagon kayan farauta, ya sayi bindiga mai baki biyu. Mai shagon dattijo ne mai amana, sai da ya duba takardar izininsa tsaf kafin ya ɗauko ta. Da ka gan ta da ta burge ka, katako sumul, ƙarfe ba tabo. Dattijon ya tambaye shi me zai harba, ya ce tsuntsaye. Da aka kawo harsashin tsuntsu sai ya ture shi, ya ce a ba shi mai manyan ƙwayoyi, halas, wato magana ta ƙare. Dattijon ya daɗe yana kallonsa.

Kawu, kafilin nan nawa ko kaza ake yankawa kau da kai yake yi. Tun rasuwar mahaifinsu ba sa ga maciji da ƙanensa a kan siton da ya bar musu kusa da tashar jiragen ruwa. Kwatsam kafilina ya gayyaci ƙanen nasa farauta ranar Juma'a, su biyu rak, ni zan kai su daji. Fasfona yana hannunsa, da wane baki zan ƙi?

Kai da ka tsufa a farauta, wane tsuntsu ake harbi da harsashin mugun dawa?

A gaida Inna, amma kada ta ji. A taya ni da addu'a, ko da yake kafin takardar nan ta iso ka, Juma'ar ta wuce.

Ɗanka,
Ilu