Ranar Baƙi, Ranar Gidan Namun Daji

Litinin, 2 ga Oktoba

'Yata Renelle ta dawo daga makaranta da hoton raƙumin dawa manne a riga. Gidan namun daji kuma! Karo na uku ke nan bana. Ta gaya mini da maganar hannu ta kurame cewa ta gaji da raƙumin, ko juyowa ba ya yi. Na yi dariya, na zuba mata wake da shinkafa. Ƙawata Odile ta zo cin nata kamar kowace Litinin, tana ta mitar wai na cika barkono.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Zaman kwamiti. Shirin shekara biyar muke rubutawa na sa ido kan makarantun kwangila, waɗanda gwamnati ke biya amma masu zaman kansu ke riƙe da su. Ni ce wakiliyar iyaye, Odile ce shugaba. Ita ta jawo ni ciki, ni da ko a coci ba na iya ɗaga murya.

Ana cikin magana wani ya ce masu duba makarantu sun je ta su Renelle ranar biyu ga wata, sun tarar da komai lafiya lau. Ranar raƙumin dawa ce. Na tuna sauran tafiye-tafiyen, duk ranar baƙi ne. Ashe kwashe su ake yi, kurame da masu keken guragu, a loda a mota, kada baƙi su ga 'yata zaune a aji babu mai fassara mata da hannu. Mai fassarar da tun Agusta Mista Fontenot, shugaban makarantar, yake ce mini tana nan tafe.

Kuma ni nake sa hannu da kaina cewa na yarda ta je. Har godiya nake yi.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Bayan coci na faɗa wa Odile a kicin ɗina. Na roƙe ta kada sunan Renelle ya fita, don makarantar ce kaɗai ba sai ta hau mota biyu ba, kuma a can ƙawayenta suke. Odile ta riƙe hannuna har idonta ya kawo ruwa. Ita ce uwar baftismar yarinyar, tare muka koyi maganar hannu saboda ita.

"Charmaine, ki bar mini wannan," in ji ta. "Ziyarar ba-zata za mu sa a shirin, ko zan rasa kujerata."

Na yi barci mai daɗi.

Talata, 7 ga Nuwamba

An kaɗa ƙuri'a. Babu ba-zata. Za a riƙa sanar da makaranta da 'yan kwamiti mako biyu kafin a je. Odile ce ta karanta da bakinta, ba ta ko kalli inda nake ba. Wai makarantun abokan tafiya ne, ba a yi wa aboki kwanton ɓauna. Ni kaɗai na ɗaga hannun ƙi.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Odile ta kira sau da yawa. Ban ɗauka ba.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Fontenot ya kira ni ofis. Ga kofi, ga murmushi har kunne. Ya ce ya ji ba na jin daɗin tafiye-tafiyen yara. Ya ce watakila makarantarsu ba ta dace da bukatun Renelle ba, akwai wata a ƙetaren kogi da za ta fi mata. Ba kora ba ce fa, shawara ce. Haka suke yi, ba su taɓa korar yaro, sai dai su gajiyar da uwarsa har ta ɗauke shi da kanta.

Wa ya gaya masa? Mutum ɗaya na faɗa wa a duniya.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Odile ta tare ni a ƙofar coci. Ta ce da ta dage kan ba-zata da shirin gaba ɗaya ya rushe, ba ta da ƙuri'un. Ta ce ta yi wa Fontenot magana ne a gefe don ya gyara cikin mutunci, ba ta zaci zai juya kaina ba. Wai siyasa a hankali ake binta.

Na ce, "Yarinyar da kika riƙe a gaban ruwan baftisma ce kika kai masa, Odile."

Ta ce in ji tsoron Allah. Ni kuma!

Litinin, 4 ga Disamba

Renelle ta tambaye ni ina Nanan, haka take kiran Odile. Na ce aiki ya yi mata yawa. Gobe zan ajiye kujerar kwamitin nan, in nemi makarantar ƙetaren kogi. Na gaji wallahi.

Juma'a, 5 ga Janairu

Ban ajiye ba, lalaci ne kawai. Sanarwa ta zo mini a matsayina na 'yar kwamiti: baƙi za su je makarantar ranar sha takwas. Da yamma sai ga Renelle da takardar neman izini. Gidan kifaye wannan karon, an samu ci gaba.

To, ai ba Fontenot kaɗai aka sanar ba. Na nemo lambobin iyayen yaran da ake lodawa a motar nan. Ni da ba na son waya, har kunnena ya yi zafi.

Alhamis, 18 ga Janairu

Babu uwar da ta sa hannu. Motar ta tsaya a bakin ƙofa babu kowa ciki.

Na tsaya a bayan aji. Baƙi biyu suka shigo, Odile na biye da su, Fontenot yana ta gumi cikin wannan sanyi. Malama tana magana, yara suna dariya, Renelle tana bin bakinsu da ido ɗaya bayan ɗaya. Haka take wuni ke nan kullum? Ban taɓa gani da idona ba. Na ciji leɓe don kada in yi kuka a gaban mutumin nan.

Sai ta hango Odile. Fuskarta ta washe, ta ɗaga hannuwa ta yi mata magana. Baƙuwar da ke riƙe da biro ta juya ta tambaya me yarinyar ta ce. Duk cikinsu Odile ce kaɗai ta iya. Sai ta fassara mata.

"Cewa ta yi, Nanan, me malama take faɗa? Ba wanda yake gaya mini."

Matar ta rubuta. Odile ta ajiye jakarta, ta tsuguna a gefen kujerar Renelle, ta fassara mata darasin har aka tashi.

Litinin, 22 ga Janairu

Renelle tana nan a makarantarta. Wai mai fassara za ta fara mako mai zuwa, sai na gani. Na nemi a sake buɗe maganar ba-zata a zaman Fabrairu, kuma da bakina zan karanta.

Ban yafe ba. Waken dai ya yi yawa yau, hannuna ne ya saba da awon mutum uku. Barkonon ma na rage, ban san dalili ba.