Waƙar Sahu Tawa Ce, Ba Ta Sha'aibu Ba

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke shirya taron haɗin kan Musulmi na ƙasar Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan Malam da iyali da sauran malaman kwamiti kuna lafiya, ina neman afuwa da na rubuto wannan takarda a bainar jama'a. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidan Malam a Daura. Zuwan farko aka ce Malam ya tafi ta'aziyya Ɓaure, na biyu aka ce in bar saƙo wurin sakatare. Na bari, har yau ban ji komai ba.

Sunana Iliyasu, amma a kasuwar Zango an fi sanina da Ilu Ma'auni, don awon gero da dawa ne sana'ata tun ina saurayi. Bayan awo ina begen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ɗan mandirina. Kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: ƙyashi ke ci na, kuma na san ba halin kirki ba ne. Amma ko mai ƙyashi yana iya zuwa da gaskiya, ita nake roƙon a duba.

Na ɗaya, asalin waƙar da ake kira Waƙar Sahu. Mahaifinmu ya rasu ba da daɗewa ba bayan an ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. A lokacin unguwarmu ta rabu biyu, masu ɗariƙa da masallacinsu, waɗanda ba sa yi da nasu, har wani ba ya cin yankan wani. Da aka fito da gawar, limamin unguwa, wanda ɗan ɗariƙa ne, ya shiga gaba, sai babban yayanmu, Yaya Musa, ya ja da baya shi da mutanensa, ya ce ba zai bi wannan limami salla ba. Gawar ubanmu tana ajiye a rana, 'ya'yansa suna musun wanda zai sallace ta. A ƙarshe rabinmu muka yi salla, rabi suka tsaya gindin darbejiya suna kallo. Na yi kwana arba'in ban yi wa Yaya Musa magana ba. A cikin kwanakin nan na tsara waƙar, ina awo ina jera baitoci a kaina, in na dawo gida in rubuta da ajami. Amshinta shi ne: "Alƙibla ɗaya muke kallo, ku matso mu cike sahu." Na fara rera ta a sunan ɗan ƙanwarmu, Yaya Musa yana zaune. Sai ya tashi ya fita. Washegari da la'asar na waiwaya a masallacinmu, bayan limamin nan da ya ƙi bi, na gan shi a sahu na biyu. Yana nan da ransa, a aika a tambaye shi.

Na biyu, Sha'aibu. Sa'ana ne, tare muka yi karatun allo, shekara da shekaru shi ke yi mini amshi. Duk inda aka gayyace ni, Dutsi ko ƙauyukan bakin iyaka, a babur ɗina nake ɗaukarsa. Ba zan zalunce shi ba: Allah ya ba shi murya, ya fi ni nesa ba kusa ba. Tawa ƙurar hatsi ta riga ta cinye ta. Wata shekara bayan kaka ya tafi Kano, ya shiga situdiyo, aka sa masa fiyano, ya dawo da kaset. Ni ban sani ba sai da na ji waƙata tana tashi a shagon mai shayi a bakin tasha. Na karɓi kwalin kaset ɗin na juya gaba da baya. Hotonsa ne da farin rawani, da sunansa, da sunan wanda ya kaɗa fiyano, har da na mai ɗaukar hoto. Nawa babu. Na same shi a gida na tambaye shi dalili, sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Ilu, waƙar Allah ce, ai ba ta da mai ita." Na ce to me ya sa hoton nasa ne a jiki? Sai ya ce a kawo mini fura.

Na uku, abin da ya faru a taronku na bayan Babbar Salla. Ba a gayyace ni ba, na kawo kaina, don na ji an ce da Waƙar Sahu za a buɗe. A bakin ƙofa masu tsaro suka ga mandirina suka ce kwamiti ya hana shiga da abin kiɗa, saboda wasu malaman da aka gayyata ba su yarda da shi ba. Na ce na ji, haɗin kai ya fi mandiri. Na bar shi wurin wani mai sayar da rake, na shiga, na zauna a bayan rumfa inda inuwa ba ta kai ba. Allah ya gafarta Malam, kafin manyan baƙi su iso, me ake sakawa a lasifika? Kaset ɗin Sha'aibu, da fiyanonsa da komai. Ina so a fahimtar da ni yadda fatar akuya ta zama abin ƙi, fiyanon Kano kuma ya halatta.

Sannan aka kira Sha'aibu. Mai gabatarwa ya ce ga fasihin da Allah ya yi wa ilhamar wannan waƙa, wadda ta sasanta gidaje da yawa a ƙasar Daura. Ya hau da babbar riga sabuwa, ya rera ba kiɗa, kuma wallahi ya rera da kyau. Na ga dattawa suna share hawaye. Na ga Malam da kansa ya miƙe ya rungume shi, ya yafa masa alkyabba. Wani bawan Allah da ke kusa da ni ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka taɓa jin irin wannan hikima?" Na ce masa na taɓa ji.

Na huɗu, kuma wannan ya fi alkyabbar yi mini ciwo. Waƙar ba a kan sahun masallaci kaɗai ta tsaya ba. Akwai baitoci a ƙarshenta a kan masu tauye mudu, da masu saye hatsi da kaka su kulle a sito sai damina ta yi tsakiya talaka ya rasa na tuwo, da masu gonaki manya da ba sa fitar da zakka sai dai su yanka sa ranar Mauludi a yaba musu. Na san abin da nake faɗa, a cikinsu nake wuni. Saboda baitocin nan wani babban ɗan kasuwa ya hana a ƙara kirana awon kayansa, na yi shekara biyu ina zaman rumfa rabin wuni ba aiki. Sha'aibu ya cire su duka, a kaset da kuma a gabanku. Ban ce kwamiti ne ya sa shi ba. Na dai lura wasu daga cikin waɗanda suka zauna a kujerun gaba ranar nan, da an rera baitocin, da sun sunkuyar da kai. Ni na sha wuyar waƙar, shi ya ɗauki inda ke da daɗi ya tafi da shi.

Halin da nake ciki yanzu ba na jin daɗinsa. In na ji muryarsa a rediyo sai in kashe. Rannan na shigo gida na tarar da mai ɗakina, Habi, tana tankaɗe tana rera amshin da irin karin da Sha'aibu ya sa masa, ba nawa ba. Na yi mata faɗan da ba ta san dalilinsa ba, daga baya na ba ta haƙuri. Ranar Juma'a in na hango shi a sahu sai in canza wuri. Mutumin da ya tsara waƙar cike sahu ke nan, Malam. Wannan shi ya fi ba ni tsoro, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da nake roƙo ga shi. A kira ni da Sha'aibu da Yaya Musa a zaunar da mu gaban kwamiti, in zo da takardun ajamina, kowa ya faɗi abin da ya sani. In ta tabbata tawa ce, a taro mai zuwa a ambaci sunana sau ɗaya kafin a rera ta. Alkyabba ya riƙe abarsa, ta yi masa kyau. Shi ɗin ma ya rera, na yarda jama'a sun fi son muryarsa, amma ya rera ta cikakkiya har baitocin mudu da zakka, ko wa ke zaune a gaba. In ba zai iya ba, a miƙo mini lasifika in ƙarasa da dasasshiyar muryata.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana, ya ba shi ikon yin adalci tsakanin mai suna da marar suna, ya haɗa kan Musulmin ƙasar Daura. Ina kuma roƙon Malam ya sa ni a addu'a. Tun bayan taron nan nake ƙoƙarin roƙa wa Sha'aibu alheri bayan kowace salla, in na zo kan sunansa sai harshena ya yi nauyi. Jiya da azahar na samu na faɗa sau ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Ilu Ma'auni, Zango.