Gorar Baba

Madarumfa, Maris 1994

Zuwa ga aminina Haruna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da su Dije da duk 'yan garajinmu na Abijan. Na iso gida lafiya, sai dai hankalina ya ƙi zama.

Jikin Baba da sauƙi, amma ƙafafun sun gama aiki, ba zai ƙara shiga tabki ba. Ka san sana'ar gidanmu su ne, wato kamun kifi, kuma gorar da yake hawa ya bi kifi babban ɗa ake miƙa wa. To ni ne babban. Bai ce mini komai ba tukuna, amma kullum na fito sai in gan ta rataye a zaure, an shafe ta da mai.

Haruna, ni na tafi da ƙafata, ba wanda ya kore ni. Shekarun nan da na yi ina kwance injin kamiyo, manyan motocin kaya, har patoro, maigidanmu, ya ce zai ba ni shugabancin garaji, in zubar da su in koma kwanciya a kan gora? Don Allah ka roƙe shi ya riƙe mini wurin zuwa bayan Salla. Ina neman bakin da zan gaya wa Baba ban zo zama ba.

Naka,
Shu'aibu

Madarumfa, Afrilu 1994

Haruna, ina gaisuwa, yaya aiki da zafi?

Na sha kunya! Ranar da masunta suka shiga ruwa na ce bari in faranta wa tsoho rai. Na kwanta kan gorar, na ɗauki homar kamun kifi, ban yi nisa ba ta juye da ni. Na sake hawa, ta sake kifar da ni. Bakin tabki kaf dariya, har mata masu banda suna kiran Ɗan Abijan ya zo wanka. Ƙanena Idi ne ya jawo ni. Can suna ce mana 'yan Nijar, nan kuma ni ne Ɗan Abijan. Baba yana zaune gindin gawo yana kallo, shi kaɗai bai yi dariya ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini.

Shu'aibu

Madarumfa, Mayu 1994

Haruna, Allah ya sa kuna lafiya.

Ka ce wa patoro ina tafe. Jawabin da na daɗe ina shiryawa ban ma yi shi ba. Jiya da hantsi Baba ya sa aka sauke gorar, ya miƙa wa Idi a gabana, ya sa masa albarka. Ni kuma ya sa aka ɗaure mini banda a buhu, irin guzurin da muke yi wa baƙi.

Abin da na so ke nan, ko ba haka ba? To me ya sa ban ji daɗi ba? Yau da na durƙusa yin sallama ya dafa kaina, ya yi mini addu'a, sannan ya ce in na isa in gaida mutanen gida.

Ka tarye ni a tasha.

Amininka,
Shu'aibu