Takardar da ban aika Abijan ba

Zuwa ga Rabi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma ba ki karatu, ni nake karanta miki, ke kuma ki gyara.

Gida lafiya. An yanke gero, rumbu bai cika ba amma ba laifi. Akuyarki ta haifi biyu, kuma har yanzu ba ta ganin girmana. Maƙwabta sun rage kawo mini rubutun wasiƙa. Da alama sun gano wadda take rubuta musu tun asali.

Shekara ashirin da bakwai ina koyarwa a lekol, makarantar boko, na cika ɗaki da littattafai, amma ban taɓa rufe ambulan ba sai na biyo ki madafa na karanta miki. Ina son manyan kalmomi, alhini, takaici, annashuwa. Ke kuwa "da sauƙi" ce taki. Ranar da aka kai ki likita ma ita kika faɗa mini.

Kin tuna zamanin soja, da aka kama abokin aikina na rubuta koke zuwa Yamai? Na sa "zalunci" har sau uku, ina jin kaina namiji. Kina tankaɗe, ko ɗago kai ba ki yi ba, kika ce in mai da shi "kuskure", don mai bindiga yana iya gyara kuskure, amma ba ya amsa sunan azzalumi. Aka sako mutumin. Duk Filinge, garinmu, ta yaba hikimata, ni kuma na karɓi yabon ban ambaci sunanki ba. Ki yafe mini wannan.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Yau kwana talatin da tafiyarki, ban sanar da ɗanmu na fari ba, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba. Yana Abijan, bai san komai ba. Dattawa sun ce in bi al'ada, in rubuta cewa jikinki ya yi tsanani, ya zo. To, in bar shi ya yi kwana huɗu a mota rungume da magani? Na rubuta "ta rasu", na ga kamar sanarwar rediyo. Na rubuta "Allah ya yi mata cikawa", na ga kamar uwar wani ce. Wa zan karanta wa ya ce mini cire wannan?

Gaskiya ba kalmomin ne kawai suka hana ni ba. Muddin takardar tana aljihuna, akwai gari ɗaya a duniya da kike raye a cikinsa.

Gobe Lahadi motar kasuwa za ta tashi, zan ba direba takardar ɗanmu. Layi ɗaya na bari: "Ka zo gida, ni kaɗai ne a ciki." Ban san ko ya yi ba.

Allah ya haskaka makwancinki.

Mijinki,
Malam Idi